Manaja, Kyanwar Layin 'Yan Agushi

A da, a Sabon Gari, kyanwa ma'aikaciya ce. Ba a sayenta, ba a yi mata wanka, ba a ɗaukarta hoto. Maƙwabci zai ba ka 'yar ƙarama a cikin kwali, ka kai ta shago ka rufe, aikinta ɓera. Yanzu kuwa jikokina da abokansu na Samaru suna da wasu masu gashi buzu-buzu kamar an kwance musu kitso, abincinsu a gwangwani, sunayensu kuwa ko 'ya'yan mutane ba su samu irinsu ba. In sun zo gaishe ni sai su ce, "Baba, ai kai ka more sana'a. Kyanwa ce fa, ba saniya ba." Ni kuwa sai in miƙa musu hannuwana su duba zanen da ke kai. Na yi shekaru ina kayar da bijimai, babu wanda ya bar mini tabo. Duk wannan rubutun na kyanwa ne.

Da shanu na fara. Malamin dabbobi ne ni, ba likita ba, ko da yake mutanen kasuwa ba su taɓa yarda da wannan bambancin ba. Aikin rigakafin shanu ya kai ni Garwa, ya kai ni Injamena, har Umdurman, inda na ɗora Larabci a kan Fulatanci da ɗan Faransancin da na tsinta a hanya. A can na faɗa hannun wani tsohon Bamisire, Ammu Girgis, mai ɗakin duba ƙananan dabbobi. Ranar farko ya nuna mini wata kyanwa da ta shige ƙarƙashin kabad, ya ce in fito da ita. Na naɗe hannun riga irin na mai shanu, na zura hannu. Abin da ya biyo baya bai kai tsawon atishawa ba. Yana wanke mini ciwon da sabulu yana cewa, "Saniya ana fin ta ƙarfi, kare ana ba shi umarni. Wannan kuwa lallaɓa ta ake yi." Sai ya zauna a ƙasa, ya ba ta gefensa, ya ƙi haɗa ido da ita, ya ci gaba da shan shayinsa. Kafin shayin ya huce ta fito da kanta tana shinshina takalminsa.

A wurinsa na koyi karanta ta. In ta kwantar da kunnuwa baya, janye hannunka. In tana kaɗa wutsiya, ba murna take yi ba kamar kare, haƙurinta ne ke ƙarewa. Ɗan ƙugin nan da take yi a maƙogwaro, wanda kuke cewa jin daɗi ne, wani lokaci ciwo ne take lallashin kanta da shi. Babban darasin kuwa shi ne kyanwa tana ɓoye rashin lafiya. Akuya in ba ta da lafiya unguwa duka za ta sani. Kyanwa sai ta nemi lungu ta yi shiru. Saboda haka in ta ƙi abinci yini guda, ko ta daina lasar jikinta, ko ta canza wurin kwana ba dalili, kada ka jira. Ɗaga leɓenta ka duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne kamar cikin gwaba.

Da na dawo gida na buɗe ɗan shago a Sabon Gari, ta wajen hanyar Muchia, a farkon shekarun dubu biyu. Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba: ma'aunin zafi, sirinji, almakashi, hantsaki na cire kaska, da tocila don leƙa kunne da baki. Akwai kwandon kaba mai murfi na ɗaukar majinyaciya, domin kyanwar da aka rungumo a kan acaɓa ba ta isowa. Akwai tsohon sikelin mai tumatir, don maganin kyanwa da nauyinta ake auna shi, ba da ido ba. Wanda ya fi su duka daraja kuwa tawul ne mai kauri. Za ka naɗe ta da shi kamar jaririya, kai kaɗai a waje, sannan ku yi magana. Safar hannu ta fata na saya sau ɗaya. Haƙori ya ratsa ta, ni kuma ban ji abin da nake taɓawa ba, sai na bar wa mai walda.

Wata safiya matar wani malamin makaranta ta zo daga Samaru a mota, kyanwarta na gudawa. Na tambaye ta abin da take ba ta, ta ce madara, safe da rana da yamma, da cokalin sukari don ta ji daɗi. Na ce ta daina, yawancinsu in sun girma cikinsu ba ya ɗaukar madara, ruwa mai tsabta ya ishe su. Ta dube ni kamar na ce a hana jariri nono. Kafin ta tafi ta ce da ma ta yi niyyar ba ta kwatan farasitamol. Nan na zaunar da ita. A garin nan kowa likita ne, kuma lissafinmu ɗaya: babba biyu, yaro rabi, dabba kwata. Kyanwa ba ta cikin wannan lissafin, kwatan nan ya isa ya kashe ta. Haka maganin kaskar shanu ko na kare, in aka shafa mata za ta lashe, ta kama makyarkyata. Haka miya mai albasa. Mutanen Samaru da so suke jikkata kyanwa. Na Sabon Gari kuwa hanyarsu daban ce.

Maman Chinedu ce ta fara kira na cikin kasuwa. 'Yar kabilar Ibo ce, amma a Muchia aka yanke mata cibi, Hausarta ta fi tawa da na gauraya da harsunan hanya. Agushi da garin kwaki take sayarwa. Tsarin kasuwancinta shi ne da kaka ta zuba duk jarinta a buhunan agushi, ta jibge a sito bayan shago, ta jira Kirsimeti lokacin da kowane gida ke nemansa. Tsakanin kaka da Kirsimeti, abin da ke tsaye tsakanin jarinta da ɓeraye kyanwa ce guda, baƙa mai farin ƙirji. Sunanta Manaja, wai don kullum tana zaune a kan buhu tana kallon masu aiki.

Ta ce, "Baba Dokta, duba mini ita. Ta zama ɓarauniya. Masu kifi sun kawo ƙara har sau nawa."

Na naɗe ta a tawul na ɗora a sikeli. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta da yatsa, ga ƙuma, ga cikin ya ɗan kumbura irin na tsutsa. Na ce, "Me take ci?"

"Ɓera."

"Ranar da ba ta kama ba fa?"

"Ta ƙara himma."

Maƙwabcinta Alhaji Tanimu, mai sayar da gyaɗa, yana jinmu daga bencinsa. Ya ce, "Malam, kada ka ɓata mata ma'aikaciya. Tun kakanni haka ake yi. Ƙosasshiyar kyanwa ba ta farauta. Tawa ma ruwa kawai nake ajiye mata, shi ma don tsoron Allah."

Wannan ita ce al'adar layin gaba ɗaya. Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayerabe da Ibo, sun saɓa a kan komai har da wanda zai share kwata, amma a kan wannan bakinsu ɗaya: da magariba a rufe kyanwa a sito da yunwa, yunwar ce za ta sa ta aiki. Na ce musu farauta a jinin kyanwa take, ba a cikinta ba. Na ga manyan sito a bakin teku a Sudan, inda masu gadi ke raba wa kyanwoyi abinci kowace safiya, na ga irin haka a Kwatano, kuma ɓera bai isa ya yi yawo a can ba. Mai ƙoshi tana da ƙarfin tsalle da haƙurin fako, kuma ba ta barin wurin da ake ciyar da ita. Mai yunwa kuwa rabin hankalinta na wajen masu kifi.

Maman Chinedu ta ce, "Baba, ai ɓerayen can Larabawa ne, suna da kunya. Namu 'yan Sabon Gari ne."

Na ba Manaja maganin tsutsa da na ƙuma, na tattara kayana. Shawara kuwa a nan na bar ta, babu wanda ya ɗauka.

Muguwar shekarar ta zo a tsakiyar shekarun nan. Damina ta yi tsawo, lambatu suka cika, ɓeraye suka hauro kasuwa. Sai ga masu tallar maganin ɓera, kowa da sanda a kafaɗa an rataye busassun ɓeraye a jiki don shaida, wani har da lasifika. 'Yan kasuwa suka saya suka barbaɗa a lunguna. Ba su kori kyanwoyinsu ba, suka ce ma'aikata biyu sun fi ɗaya. Akwai nau'in maganin da ke kashewa nan take, amma wanda ya fi yawa a lokacin shi ne mai hana jini daskarewa. Ɓera zai ci, ya ci gaba da yawo yana layi kamar mashayi kafin ya mutu. Irin wannan ɓeran ko tsohuwar kyanwa za ta kama shi. Mai ƙoshi sau da yawa takan kashe ta yar. Wadda aka rufe da yunwa kuwa cinye shi take yi har kai, yau ɗaya, gobe wani, gubar tana taruwa a jikinta.

Haka kyanwoyin suka riƙa ƙarewa. Da yake kyanwa na ɓoye ciwo, sai ta kasa tashi ake kawo mini ita, lokacin babu sauran abin yi. Wasu suka ce maita ce, wasu suka ce maƙwabci ne ya yi musu hassada, mutum biyu har suka daina gaisawa. Ni ma na samu rabona, aka fara cewa duk kyanwar da ta shiga kwandon Baba Dokta ba ta dawowa. Masu kaji ma suka rage zuwa sayen magani. Na bi layi-layi ina cewa maganin ɓera ne, masu sanda da lasifika suka fi ni murya. Kyanwar Alhaji Tanimu a bayan buhun gyaɗa aka tsince ta a mace.

Maman Chinedu ba ta taɓa sa maganin a sitonta ba, ta ce ba ta haɗa guba da abin da mutane za su ci. Amma ɓera bai san iyakar shago ba. Wata safiya ina buɗe ƙofa sai ga ta a kan acaɓa, da baho a cinya an rufe da zani. Manaja na kwance a ciki, numfashi sama-sama, ɗan jini a hanci. Na ɗaga leɓenta, dasashin fari fat kamar takarda.

Ta ce, "Sun ce kada in kawo ta wurinka."

"To me ya kawo ki?"

"Babu wata kyanwa a layinmu, Baba. Na nema har Chikaji, ko ta aro babu. Agushina duka yana sito. In ta mutu, na mutu."

Maganin irin wannan gubar allurar bitamin K ce, ni kuwa tawa ta ƙare. Na kwantar da Manaja a kwando, na lulluɓe ta don kada sanyi ya kama ta, na ce wa Maman Chinedu kada ta taɓa ta, kada ta ɗura mata komai, ko man ja da mutanenmu ke ɗura wa duk wanda ya sha guba. Na hau mota zuwa Samaru wurin wani likitan dabbobi da muke mutunci, ya ba ni allurar da ƙwayoyin da za a ci gaba da su, ya tabbatar mini da awon. Na dawo na tarar da ita zaune a ƙasa kusa da kwandon, tana yi wa kyanwar faɗa a hankali da harshen Ibo. Na yi allurar a ƙarƙashin fata da siririyar allura, domin a wannan halin ko hudar allura na iya zama ciwo.

Da Manaja ta fara ɗaga kai tana lasar ruwa, rigimar gaske ta taso. Maman Chinedu ta zo da bahonta.

"Ta warke. Ba ni ita, sun fara huda buhu."

Na ce, "Ba ta warke ba. Gubar na nan a jikinta, sai ta yi makonni tana shan ƙwaya. In ta yi tsalle ta bugu, jini zai ɓalle a ciki inda ba ki gani. Kuma ɓerayen da za ki mayar da ita wurinsu, su ne suka kawo ta nan."

"Makonni? Kafin nan ai sai dai in sayar da ɓawo."

"Kuma ƙwayar ba ta aiki sosai sai da abinci mai ɗan maiƙo. Safe da yamma. Ke za ki kawo."

Ta dube ni, ta dubi kwandon. "Wato otal ka buɗe mata."

Ta tsaya a bakin ƙofa da baho a hannu. In ta ɗauke ta, wataƙila ta tsirar da buhunan na 'yan kwanaki, ta rasa kyanwar. In ta bar ta, sito ba mai tsaro. Daga ƙarshe ta kife bahon a kan bencina ta ce, "Me take ci, ita gimbiyar?"

Na ce dafaffen kifi a cire ƙaya, ko guntayen nama da kayan ciki daga wurin mahauta, ba gishiri, ba barkono, ba albasa. Sito kuwa na je na nuna mata abin da na gani a wasu ƙasashe. Aka ɗora buhunan a kan katako, aka janye su daga jikin bango, aka toshe ramuka da siminti da fasassun kwalabe, aka ɗana tarkuna, agushin da ya fi kyau aka juye a duro mai murfi. Sauran aikin ita ta yi shi da bakinta. Ta bi shago-shago tana cewa duk wanda ya sake barbaɗa guba a layin, ita da shi ne a gaban shugabannin kasuwa. Ni na faɗi wannan maganar da ladabi ba a ji ba. Ita da ta faɗa, har wanda bai saya ba ya rantse ya daina. Duk da haka ta yi asara, buhunan da ke ƙasa ɓeraye sun riga sun yi biki a ciki.

Kullum tana zuwa da 'yar roba, kullum da mita. "Ni da na haifi 'ya'ya ban taɓa cire wa kowa ƙaya ba." Amma na lura ta daina miƙa mini robar, da kanta take durƙusawa ta ba ta.

Ranar da na sallami Manaja gashinta na sheƙi, sikeli ya shaida. Layin duka suka fito kallo. Alhaji Tanimu ya leƙa kwandon ya ce, "Madam, wannan ai ta yi ritaya. Sai ki nema mata fansho." Kwanakin farko kamar maganarsa za ta tabbata. Manaja ta ci, ta hau buhu, ta yi barci. Maman Chinedu ta biyo ni har shago ta ce in zo in ɗauki 'yar otal ɗina. Na ce ta ƙyale ta, sito ya canza mata, sai ta gama shinshina kowane lungu ta san hanyoyin da suka rage. Na faɗa da ƙarfin murya, amma ni ma na fara lissafin inda zan sa fuskata.

Sai wata safiya aka aiko in zo. Na tarar da mutane a ƙofar siton. Ɓeraye ne a kwance a bakin ƙofa, har da wata ƙatuwar gafiya, babu wanda aka ci ko kunnensa. Manaja na kan buhu tana wanke fuska. Alhaji Tanimu ya sunkuya ya juya gafiyar da sanda, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ba ta ci ba."

Maman Chinedu ta ce, "Me za ta yi da shi, Alhaji? Ta karya da kifi."

Agushin da ya rage ya kai Kirsimeti, ta sayar, jarinta ya dawo ko da ba da ribar da ta sa rai ba. Da bazara Manaja ta haihu a cikin wani kwali a bayan duro. Layin da babu kyanwa ko ɗaya sai ita, kowa ya zo kamun ƙafa tun idanun 'ya'yan ba su buɗe ba. Na ce a bar su su sha nono har su iya cin abinci da kansu, a kawo su rigakafi, mazan kuma a yi musu fiɗiya don kada su bi yawon muzurai su ɓace. Maman Chinedu ta ƙara nata sharaɗin: ba ta ba kowa sai ta ga kwano biyu a shagonsa da idonta, na abinci da na ruwa. Alhaji Tanimu ya ce shi dattijo ne, maganarsa ta isa.

Ta ce, "Maganarka ta isa a kan gyaɗa, Alhaji. Kawo kwano."

Ya aika aka sayo, sababbi, ya jera a gaban benci. Ta ɗaga ta duba ƙasansu kamar mai sayen kayan aure, sannan ta ba shi 'yar baƙar da ta fi kama da uwar.

Na rufe shagona lokacin da ƙafa ta fara gardama, amma nakan shiga kasuwa sayen cefane. Kyanwoyin layin agushi da na gyaɗa yawancinsu jinin Manaja ne. Daga shekarar nan zuwa yau, ba a sake rufe kyanwa da yunwa a wannan layin ba.